Lantarki a fuskar yaro mai karkacewar baki

Idan ɓarin fuskar yaro ya shanye, a fara duba kunnensa, don ciwon kunne yakan taɓa jijiya ta 7, mai motsa fuska. Sai ido: maganin ɗigo mai jiƙa shi da rana, a manne fatarsa da filasta da dare.

Akwai na'urar lantarki da ake manna wa fatar fuska don jinyar wannan shanyewa, amma tsoka take motsawa. Jijiya kuwa kusan milimita 1 take tofowa a rana, kuma ba a tabbatar lantarkin fata na hanzarta ta ba. Ma'aikacin fisiyo (mai jinya ta hanyar motsa jiki) kaɗai zai manna faifan na'urar, a ƙaramin ƙarfi, nesa da ido. Masana na fargabar lantarkin ya sa jijiyar ta ɓata hanya wajen tofowa: yaro ya yi murmushi, ido ya runtse. Yawancin yara kan warke cikin wata 3 zuwa 6 ba tare da na'urar ba.