Lahadin ruwa a Nima, ni da Kawu da finafinan Ridley Scott

Ruwan da aka tsuge da shi tun kafin asuba bai ɗauke ba sai bayan la'asar. Da na dawo daga masallaci na ga yadda kwatar layinmu ta cika ta tumbatsa, na san yau ba ni ba Circle, babbar mahaɗar tituna ta Akra inda nake gyaran waya. Wayoyi biyu ne kacal ke jirana a shago, masu su kuma sun san sai Litinin. Na sayo koko da ƙosai a bakin lungu, na kai wa Kawu nasa har ɗaki.

Lokacin da gidajen bidiyo suka cika Nima da Mamobi, Kawu ne mai karɓar kuɗin ƙofa kuma mai saka kaset a ɗaya daga cikinsu. Ya ga finafinai iya ganinsa, amma da sunan jarumi yake gane fim, bai taɓa damuwa da wanda ya ba da umarni ba. Ni ma haka nake, har sai makonni biyu da suka wuce da na lura suna ɗaya ne, Ridley Scott, a finafinan Gladiator da Alien. Tun daga ranar nake bin ayyukan mutumin ɗaya bayan ɗaya in na taso daga aiki. Na faɗa wa Kawu cewa a 1937 aka haife shi a South Shields da ke arewa maso gabashin Ingila, zane ya karanta, ya yi shekaru yana shirya tallace-tallacen talabijin, bai fitar da fim ɗinsa na farko ba sai 1977 yana dab da cika arba'in, kuma a 2024 ya sake fitowa da Gladiator na biyu. Kawu ya ƙirga da yatsu ya ce, "Ashe ya girme ni nesa ba kusa ba. Allah Ya ba shi ƙashi mai kyau. To ɗana, saka mana na Salahuddin."

Kingdom of Heaven ke nan, na 2005. Na saka mana doguwar sigarsa mai fiye da awa uku, domin wadda aka kai sinima an yanke mata kusan minti 45, shi ya sa labarinta ke tsalle. Kawu bai yi magana ba sai da ɗan wasan Siriya Ghassan Massoud ya bayyana cikin baƙaƙen kaya. Sai ya gyara zama. Muka ga Salahuddin ya yi alkawarin aika likitocinsa ga sarkin Ƙudus mai fama da kuturta. Muka ga bayan yaƙin Hittin ya miƙa wa sarkin da ya kama ruwa mai ƙanƙara. Da ya shiga birnin a 1187 ya tarar da gicciye yashe a ƙasa, ya sunkuya ya ɗauka ya ajiye shi a kan tebur, Kawu ya ce in tsayar. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce duk shekarun da ya yi yana saka kaset, in dai aka nuno mai rawani a fim ɗin Turawa, to ka jira bindiga ko bam. Na tuna masa cewa shekara huɗu kacal bayan harin 11 ga Satumba 2001 aka fitar da wannan. Wannan ƙarfin hali ne, kuma ina girmama mutumin a kansa.

Na dai faɗa wa Kawu inda aka karkata daga tarihi, don ba na son daɗin fim ya rufe mana ido. Balian, jarumin fim ɗin, a gaske babban basarake ne a ƙasar, ba maƙeri ba ne da ya taso daga wani ƙauyen Faransa. Mutanen birnin kuma fansa suka biya kafin su fita, dinari 10 namiji, 5 mace, da yawa waɗanda suka kasa biya sun faɗa hannun bauta. Fim ɗin ya tsallake wannan. Kawu ya ce, "Mai ba da labari ai dole ya zuba gishiri." Na ce haka ne Kawu, amma gara mai ci ya san an zuba.

Muna gamawa aka ɗauke wuta. Na hura gawayi na ɗora ataya, gardama ta tashi. A wurin Kawu babu kamar Gladiator na 2000, wanda ya ci kyautar Oska biyar. Abin da ya fi riƙewa a cikinsa shi ne Juba, abokin jarumin, wanda Djimon Hounsou ɗan Kwatano ya fito a matsayinsa, musamman ƙarshen fim inda ya tona ƙasa ya binne 'yan gumakan matar abokinsa da ɗansa. Ya ce wannan shi ne riƙon amana. Ban musa ba.

Ni kuwa zuciyata tana wajen finafinansa biyu na ƙagaggen labarin kimiyya, kuma na sha wuya kafin in iya bayyana wa Kawu dalili. A Alien na 1979, jirgin sararin samaniyar jirgin dakon kaya ne, mutum bakwai a ciki, duk 'yan ƙwadago. Bututu na yoyon tururi, bango ya yi dauɗa, ana zaune ana cin abinci makanikai biyu na ƙorafin cewa kasonsu bai kai na sauran ba. Na san waɗannan mutanen. Da irinsu nake wuni a Tiptoe Lane, layin masu waya a Circle, hannu baƙi da dalma, ana lissafin abin da za a kai gida. Saboda na yarda da su tun a teburin abinci, da dodon da ya shiga jirgin ya fara ɗaukarsu ɗaya-ɗaya sai tsoron ya shige ni da gaske, alhali ba a ma cika nuna shi sosai ba. Abin da ya fi dodon tayar mini da hankali shi ne umarnin kamfanin da ya tura su: a dawo da halittar, ran ma'aikata ba komai ba ne.

Blade Runner na 1982 kuwa, ranar da na kalle shi ban yi barci da wuri ba. Birnin Los Angeles ne a shekarar 2019 kamar yadda suka hango shi, ruwa ba ya ɗaukewa, fitilun talla na haska kwalta, masu abinci a bakin titi, harsuna a cakuɗe, tsoffin na'urori ana ta yi musu kwaskwarima. Duk wanda ya taɓa tsayawa ƙarƙashin gadar Circle da daddare ana yayyafi, yaran trotro, wato motocin haya, na kiran Kaneshie da Lapaz, ana jin Twi da Ga da Hausa a numfashi ɗaya, zai gane wurin nan take. Mutanen da aka ƙera a fim ɗin an yanke musu wa'adin shekara huɗu, suka dawo neman wanda ya yi su don ya ƙara musu kwana. Kullum ina buɗe wayar da batirinta ya kumbura bayan 'yan shekaru, mai ita na roƙona in ƙara mata ko wata shida. Ban taɓa zaton fim zai sa in dubi wannan aikin da wani ido ba. Da aka fitar da shi bai yi kasuwa ba, sai daga baya mutane suka dawo kansa.

A nan ne na gane abin da nake so a wurinsa. Mai zane ne kafin komai, yana gina wuri har ka ji ƙura da hayaƙi a maƙogwaronka. In ya samu rubutu mai kyau, abin ba a magana. In bai samu ba, kamar a Prometheus na 2012 inda masana ke aikata wautar da yaro ba zai yi ba, sai ka ga gida mai kyau babu kowa a ciki.

Akwai kuma abin da ya tsaya mini a rai, na kuma faɗa wa Kawu shi kai tsaye. Mutumin da ya ba Salahuddin fuska da mutunci shi ne ya yi Black Hawk Down a 2001, kan faɗan Mogadishu na 1993. Kowane sojan Amurka na da suna da hali, wasu har da iyali a gida. Somaliyawa kuwa, waɗanda aka kashe ɗaruruwansu a wannan faɗan, taro ne kawai mai ihu yana faɗuwa. Na kalle shi har ƙarshe raina a ɓace, domin na riga na ga ya iya in ya so. Ko Juba da Kawu ke ƙauna, da Peter Mensah haifaffen Ghana da ya fito a Gladiator na biyu, a gefen jarumi aka tsayar da su. Exodus na 2014 ban kalla ba kuma ba zan kalla ba, tunda an sa mutum ya fito a matsayin Annabi Musa, alaihis salam. Kawu ya gyaɗa kai, bai ce komai ba, ya miƙo kofi na ƙara masa zagaye na uku.

An dawo da wuta gab da magariba. Bayan isha na fita sayen waakye, wato shinkafa da wake, titin Nima duk a jiƙe, fitilun motoci na rawa a cikin ruwan da ya kwanta, na tsaya ina kallo har mai abincin ta kira ni sau biyu. Da na dawo na ba Kawu labarin The Martian na 2015, wanda aka bar mutum shi kaɗai a duniyar Mars ya shuka dankali don ya rayu. Kawu ɗan manoma ne kafin ya zo Akra. Ya ce Lahadi mai zuwa shi za mu kalla, yana so ya ga inda mutumin ya samo taki.