Gilashin ƙofa ya ƙi tashi: abin da nike gani kullum a garejina a Gusau

Jiya bayan la'asar wani Alhaji ya shigo min da Honda ɗin nan da ake ce ma EOD, gilashin gefen direba ya faɗa cikin ƙofa, sun manna leda da salatif a wurin tun daga Ƙauran Namoda, ƙura duk ta buɗe mishi kaya. Ko gaisawa ba mu ƙare ba ya ce Malam canza min moton gilas kawai, sauri nike. Na ce ranka shi daɗe bari mu buɗe tukuna mu ga abin da ke ciki. Wannan magana ta "canza min moto" (moto shi ne ɗan injin lantarkin da ke ɗaga gilas ya sauke shi) kusan kullum sai na ji ta, kuma ita ta sa na zauna yau in yi bayani, don wallahi kuɗin mutane da yawa na tahiya a banza kan abin da lafiyarshi lau.

Ni aikina ƙofar mota ne, gilas da makulli da hannun ƙofa da wayarin ɗin da ya shiga cikinta. Ɗan gareji ne gare ni nan Gusau, ni da yara huɗu. Wurin wani maigidana mai rewaya na koyo, Allah shi jiƙanshi, lokacin Peugeot 504 da 505 na kamfanin Kaduna ne sunka cika gari, gilas da hannu ake murɗa shi, in ya lalace ma haƙoran ƙarfe ne sunka cinye ko hannun murɗawar ya kwance, ka gyara cikin rabin awa mai mota ya kama gabanshi. Yanzu kam kusan komi na lantarki ne, sai aikin ya koma rabi ƙarfe rabi waya.

In ka cire murfin cikin ƙofa abin da za ka tarar iri biyu ne. Akwai mai almakashi, ƙarfe biyu a gicciye da wani faifai mai haƙora, moto na juya faifan sai almakashin ya buɗe ya tura gilas sama, irin wanda ke cikin Corolla da yawa kenan, shina da ƙarko sosai. Sai kuma mai waya, wanda ƙarfe ne miƙaƙƙe da 'yar keken roba sama da ƙasa, wata siririyar wayar ƙarfe kamar ta birkin babur ta zagaya ta naɗe jikin wani ɗan gangan roba, moto ya juya gangan wayar ta ja abin da ke riƙe da gilas. EOD da Golf da 406 duk irin wannan gare su. Ba shi da nauyi, ba shi cin wuri, amma robobin nan nashi ba su jure zafin garinmu, in sunka sha ranar Afrilu shekara da shekaru sai su bushe su riƙa ɓallewa kamar biskit.

Kafin in taɓa sukurdireba kunne nike fara sa wa. In kunna makulli, in danna suwic, in saurara. In moto na kuka gilas bai motsi, ko ka ji ƙarar ƙurus ƙurus kamar ana taunar tsakuwa, to moto na da rai, waya ce ta tsinke ko ta cukurkuɗe. In shiru ka ji sai ka dubi fitilar rufin mota lokacin da kake dannawa, in ta ɗan dusashe to wuta na isa wurin moto, wani abu ne ya riƙe shi. In ko fitilar ba ta girgiza ba sam, wuta ce ba ta zuwa, sai a bi fiyus, a bi suwic, a bi wayoyin nan da sunka ratsa cikin robar da ke tsakanin ƙofa da jikin mota, don buɗewa da rufewar yau da gobe na karya su daga ciki, musamman ƙofar direba. Akwai ma wata Hajiya da ta zo hankali tashe wai gilas ukku sun mutu lokaci guda, na direba kaɗai ke aiki, ashe yaro ne ya danne maɓallin nan da ke kulle sauran gilasan. Na ɗaga mata shi na nuna mata wurin, ban karɓi ko sisi ba, har yau duk motocin gidansu nan ake kawo su.

Moton kanshi gwada shi ba wuya, wutar 12 bolt yake ci, irin ta batirin mota, ka zare soket ka ba shi wuta kai tsaye daga batir, ka juya wayoyin biyu ya juya baya. In ya yi ta kowane gefe mi za ka canza? Sau da yawa ma wanda ya ƙi juyawa gawayin cikinshi ne (ɗan baƙin abin nan da ke kai wuta jikin sashen da ke juyawa) ya cinye ko tsohon giris ya daskare, a wanke a sa sabon gawayi ya tashi.

To abin da ke kashe injin gilas a garin nan, in har za a ji ta bakina, robar da gilas ke bi ce, wadda ta zagaye tagar. Hunturu ya zo ƙura ta cika ta, bazara ta zo rana ta gasa ta ta yi tauri, sai gilas ya riƙa tahiya da ƙyar, mai mota kuma ya ci gaba da danne suwic, wani har shina sa tafin hannu shina taimaka mishi. Duk wannan nauyin waya da moto ke ɗauka. Gilas ba ya faɗuwa rana ɗaya, shina yin wata da watanni shina gaya maka, ya rage sauri, ya riƙa kuka, ya karkata gefe guda in ya kusa kai sama. Kuma tun da anka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 mutane da yawa sunka daina kunna esi don tattalin fetur, gilashin da a da sai ya yi sati ba a sauke shi ba yanzu sau ashirin ake zuge shi a wuni, ni na ga bambancin a yawan motocin da ke shigo min.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne baƙin mai. Don Allah jama'a a bar zuba man inji cikin robar gilas. Ranar farko zai yi santsi ka ji daɗi, bayan sati biyu robar ta kumbura, ƙura ta manne ta zama kamar kwaɓaɓɓen laka, abin ya fi da muni. Buroshin haƙori tsoho da ruwan sabulu ya isa a wanke ta, in ta bushe a fesa silikon, shi ba ya cin roba. Giris kuma wurinshi jikin ƙarfen da ke ciki, shi ma kaɗan.

Motar Alhaji da munka buɗe haka ta kasance. Moto lafiya lau, waya ta warware ta naɗe gangan, kilif ɗin da ke riƙe gilas ɗaya ya fashe, roba kuwa ta yi tauri kamar busasshiyar fata. Na kira shi na ce Alhaji zo ka gani da idonka, na ba moton wuta gabanshi ya juya. Na aiki yaro ya samo ƙarfen da wayar na Beljiyam, wato na hannu da anka shigo da su daga waje, munka ɗora tsohon motonshi a kai.

Maganar kaya kuma sai haƙuri. Na Beljiyam mai kyau ya fi sabo mai arha nesa ba kusa ba, sabon nan na kwali wani wata ukku ba ya yi wayar ta fara gashi. Wanda babu a Gusau sai mu yi waya Ƙofar Ruwa a Kano a ba direba, wani sa'in sai an kai ga Ladipo a Legas, ga kuɗin kaya kullum gaba yake yi. Direbobin haya masu Golf da ke bin Funtuwa da Talatar Mafara da Sakkwato su kam ba su iya jira, motar ita ce abincin gida. Wani zai ce Oga ka tokare min shi da katako kawai ya tsaya a sama. Ina yi mishi, don na san halin da ake ciki, amma gilashin direba ba na son tokarewa, ga shingayen bincike a hanya, mutum na buƙatar ya sauke ya yi magana ya ɗaga. Irin wannan sai in saƙa mishi wayar kulocin babur a madadin wadda ta tsinke, in gaya mishi gaskiya cewa wannan na ɗan lokaci ne ya tara kuɗin na ainihi.

Sai saiti, wanda nan ne aikin yake, kuma nan ne yara ke gaggawa. Ɗaura inji kowa na iyawa, noti ne 'yan lamba 10 guda nawa. Amma in ka ɗaure su tam tun gilas na ƙasa to ka ɗaure shi a karkace, zai hau shina gugar roba gefe guda, ka mayar da ciwon da ya kashe na farko. Yadda maigidana ya koya min, ka ɗora gilas kan mariƙinshi ka bar notin sako-sako, ka ɗaga shi a hankali har ya shige robar sama ya zauna da kanshi, ka tura shi baya ya jingina da robar gefen makulli, sannan ka ɗaure ta ramukan da anka bari jikin ƙofa don haka. Wasu ramukan notin ma da gangan anka yi su dogaye don a samu wurin matsawa gaba ko baya. Bayan nan in sauke in ɗaga kamar sau goma ina kallon bakin gilas na sama, ya zama gaba da baya tare suke isa. Sai in sa 'yar takarda tsakanin gilas da roba in rufe in ja, gaba da tsakiya da baya, inda ta zare ba wuya to nan iska za ta riƙa busa a kan hanya, nan kuma ruwan damina zai shiga.

Ɗaurin ma da iyaka. Ina yaro wurin maigida na taɓa matse notin mariƙi fiye da ƙima, gilas ya yi tas ya zube kamar tsabar gishiri cikin ƙofar, don gilashin gefe ba irin na gaba ba ne mai leda a tsakiya, shi in ya fashe gaba ɗaya yake rugujewa. Ranar ban iya cin abinci ba, maigida ya biya daga aljihunshi bai ce min komi ba sai washegari ya kama hannuna ya nuna min inda ake tsayawa. Shi ya sa yarana ba wanda ke ɗaure gilas sai ina tsaye. Kuma ba wanda ke sa hannu cikin ƙofa makulli na jiki, mai almakashin nan akwai sifirin mai ƙarfi a bayanshi, in ka cire moto ba ka tokare shi ba zai iya datse yatsa.

Ledar nan da ke manne bayan murfin ƙofa ma a riƙa mayar da ita. Da yawa in sunka buɗe sai su yage ta su yar wai ba ta da amfani, alhali ruwa dama shina shiga cikin ƙofa ta gefen gilas ya hita ta 'yan ramukan da ke ƙasa, ledar ce ke hana shi taɓa suwic da sifika da murfin. Ramukan ma mukan zokale su da waya don laka na toshe su ƙofa ta fara tsatsa daga ƙasa.

Da munka gama na Alhaji sai otomatik ɗin ya ƙi yi, ka danna sau ɗaya ba ya tahiya da kanshi, fuskarshi har ta canza. Na ce kwantar da hankalinka ranka shi daɗe, mun cire wuta ne ya manta iyakarshi. Na sauke gilas har ƙasa, na ɗaga har sama na riƙe suwic ɗin 'yan daƙiƙu bayan ya rufe, na sake gwadawa ya tahi sumul. Ana kiran magariba ya biya, na ce mishi sauran ƙofofin ukku ma robarsu ta bushe, ta bayan hagu har ta fara jan ƙafa, ya kawo a wanke tun ba su kai inda wannan ta kai ba. Ya ce in Allah ya so ranar Asabar da safe zai aiko direba da ita.