Muwayen (matsakaicin maki) ko kulob? Magana ga ƙannena 'yan lise na Damagaram

Kwanan nan akwai wasu bidiyoyi da suke ta yawo a grup-grup na WhatsApp na 'yan Terminal, za ka ga wani ɗan Afirka da ya samu burs a Amurka ya zauna cikin ɗaki mai kyau yana cewa wai manyan jami'o'i yanzu ba ruwansu da maki, abin da suke so su gani shi ne kai shugaba ne, ka kafa ƙungiya, ka yi aikin sa kai, ka yi kaza ka yi kaza. Ba zan ce ƙarya yake ba, amma rabin magana ya faɗa, kuma rabin da ya bari shi ya fi shafarku. Mu lokacinmu ba TikTok, wani babban yaya ne a fadarmu ya kawo mana irin wannan labarin tsakanin shayi na farko da na biyu, ni kuwa na hau kai na zauna.

Abin da ba wanda ya tambaye ni lokacin, kuma ni ma ban tambayi kaina ba, shi ne wai ina kake son zuwa bayan Bak ɗin, wato jarrabawar gama lise? Don kowace ƙofa da abin da take dubawa.

Mu fara da gida tunda mafi yawanmu nan za mu yi karatu. Bak dai kun san lissafinta, 10 bisa 20 ka ci, ka ɗan gaza kaɗan a tura ka zagaye na biyu, mansiyon kuma daga 12 take farawa, Ase Biyen kenan, 14 Biyen, 16 Tire Biyen. In ka tashi kai dosiye Jami'ar André Salifou nan gida, ko Abdu Mumuni ta Yamai, ko Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, ko Jibo Hamani ta Tawa, abin da za a karɓa hannunka takardar makin Bak ne da atestasiyon da takardar haihuwa da ta ɗan ƙasa da hotuna. Ka duba fom ɗin sama da ƙasa ba za ka ga gidan da aka ce rubuta kulob ɗin da ka yi ba. Mai son likitanci makinsa na SVT da fizik-shimi da mat za a kalla, mai son EMIG, makarantar ma'adinai da masana'antu ta Yamai, konkur zai zauna ya rubuta, maganar burs ta ANAB, hukumar ba da burs ta ƙasa, da guraben da ƙasashe irin su Aljeriya da Maroko suke bai wa Nijar duk sakamakon Bak ne da shekarunka ke magana. Ko ka ce Kano za ka tsallaka, can ma jarrabawar shiga jami'a ta JAMB ce bisa maki 400, ga kuma kiredit biyar da ake nema har da Turanci da lissafi. Babu inda za a ce maka to malam ba mu labarin wasan kwaikwayon da ka yi.

Ni seri D na yi. A segond ba laifi ina cikin na gaba-gaba a aji, to daga firamiye ne na buɗe shago: ina cikin 'yan tiyatir, ina kulob ɗin Turanci, ina kwamitin 'yan makaranta, ga ƙwallon unguwa ran Asabar da Lahadi, duk wani taro da aka kira matasa a gidan matasa ko wata ONG ta shirya ni ne a layin gaba da riga mai guga. Kuma gaskiya akwai daɗi, kowa ya san ka, mushe-mushe, wato malamanmu, suna gaisawa da kai da hannu, furobizar ya san sunanka, kana hawa kabu-kabu daga wannan taro zuwa wancan kana jin kai wani ne. Abokaina kuwa da dare suna tsaye gaban baƙin allo a bakin titi suna antirenma, wato atisayen darussa, in an ɗauke wuta su kunna tocilan waya su ci gaba, ni sai in leƙo in gaishe su in ce ina da reyiniyo.

Abin da ya kashe ni kowef ne, wato nauyin da ake ba kowane darasi a lissafin maki. Darasin da ke da babban kowef in ka faɗi shi ba abin da zai ɗaga ka, kuma mat da fizik ba irin karatun da ake haɗiyewa a sati biyu ba ne, in ka rasa babi ɗaya na gaba ba zai shiga ba, sai ka wayi gari malami na rubutu a allo kai kana kallo kamar da wani yare yake. Turancina ya yi kyau, filo ma ina ɗan taɓawa saboda surutu, amma duk ka tara su ba su rufe ramin mat ba. Sai da na je zagaye na biyu, na fito da 10 da 'yan kai, pasabil. Gida an yi murna an yi guɗa, ni ma na yi, sai da aka zo maganar wa zai samu me sannan na gane inda nake. Wani abokina da muke zolaya muna ce masa liman saboda ba ya zuwa ko'ina daga gida sai lakwal sai masallaci, ya fito da mansiyon ɗinsa, shi ya zaɓi abin da yake so, ni kuwa abin da ya rage na ɗauka.

Kar wani ya ɗauka ina zagin gwagwarmayar 'yan makaranta ne, a'a. Wanda ya san abin da ya faru a gadar Kennedy ta Yamai ran 9 ga Fabrairun 1990, da yadda jinin ɗalibai ya buɗe hanyar babban taron ƙasa na 1991, ba zai raina ta ba. Amma ku lura da kyau, a cikin shugabannin akwai masu fita taro su koma su buɗe kaye har tsakar dare, akwai kuma irina da muka mayar da taron shi ne karatun.

To yanzu ɗaya ɓangaren, don shi ma gaskiya ne akwai wuraren da suke kallon abin da ka yi a wajen aji. Burs ɗin gwamnatin Turkiyya misali, ana cike shi ta intanet daga wajen 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu, akwai wurin ayyukan da ka yi, akwai wasiƙar da za ka bayyana dalilinka, akwai intabiyu. Amma kafin a zo nan sun sa sharaɗi, mai neman lisans ya zama ƙasa da shekara 21 kuma yana da kashi 70 cikin ɗari na maki, mai son likitanci ko haɗa magani kashi 90. Ku yi lissafin da kanku, kashi 70 na 20 dai 14 ne. Shirin gidauniyar Mastercard da aka fara a 2012, wanda ke biya wa yara karatu a wurare irin su Ashesi a Gana da 2iE a Wagadugu da Gaston Berger a Senegal, su kam ƙarara suke cewa suna neman mai halin jagoranci da niyyar komawa ya amfani mutanensa, amma a jerin nasu ƙoƙarin karatu na nan tare da shi, ba a madadinsa ba. Muwayen kamar tikitin bas take, sai kana riƙe da shi ake tambayarka kayanka nawa.

Amurkar ma da ake ta kafa hujja da ita, lokacin korona a 2020 ne jami'o'i da yawa suka ce jarrabawar SAT ta neman shiga jami'a ba dole ba ce, daga nan labarin ya bazu cewa an daina kallon maki. MIT ta dawo da ita a 2022, Harvard da Dartmouth da Brown suka biyo baya a 2024. Kuma ko lokacin da aka ɗage ta bultan ɗinka na lise, wato takardar makin aji, ba a taɓa ɗage shi ba. Abin da ke faruwa can shi ne masu nema sun yi yawa kuma kusan dukkansu makinsu a sama yake, to dole a nemi wani abin da za a bambance su, nan ne kulob da wasanni da rubutu suke shigowa. Shi mai bidiyon nan da kuke gani ku tambaye shi muwayen ɗinsa mana, za ku ji. Balle ma maganar biza, kun ga yadda ta Faransa ta tsaya cak a 2023 da siyasa ta juya, wanda ya jingina duk rayuwarsa da ƙasa ɗaya a waje ba tare da makin da zai karɓe shi a gida ba ya shiga uku.

Kuskurena na biyu ya fi ba ni haushi, don shi a inda nake ganin na fi ƙarfi ya same ni. Bayan na shiga jami'a na nemi wani shiri na matasa a waje, na ce yauwa yau ranar kulob ɗina ta zo. Na jera su reras, har fom ya cika. Aka kira ni intabiyu ta waya, matar ta ce cikin duk waɗannan wanne ne in da ba ka nan da ba a yi shi ba, kuma me ya canza saboda kai? Wallahi sai na ji bakina ya bushe. Na halarci taro, na riƙe makirfo, na ɗauki hoto da manya, amma abu guda da zan nuna in ce ni na fara shi na kai shi ƙarshe babu. Ta ce ko akwai wanda zai rubuto shaida a kaina, malamin da ke kula da kulob ɗin an yi masa canjin wurin aiki ban ma san garin da yake ba, takarda ko ɗaya ban taɓa karɓa ba.

Abin takaicin, ina da abin faɗa ban san abin faɗa ba ne. Tun ina kolej ni ke riƙe littafin bashi na shagon babanmu a Kasuwar Dole, ni ke lissafin kayan da aka sauke da wanda ya fita, ni ke bin masu bashi cikin lalama. Bayan magariba kuma yaran gidanmu da na maƙwabta ni ke zaunar da su a zaure muna karatu, cikinsu akwai waɗanda suka ci BEPC a hannuna. Ban rubuta ko ɗaya ba, a tunanina wannan ai aikin gida ne, abin kunya ma, bature me zai yi da littafin bashi. Ashe fom ɗin Common App da jami'o'in Amurka sama da dubu suke amfani da shi, a cikin gurabe 10 da ya ba ka na ayyuka akwai nau'in ɗawainiyar iyali, akwai aikin neman kuɗi, akwai hidimar addini, kowanne a ba ka harafi 150 ka yi bayani. Wato su da kansu sun san akwai yaron da ba shi da lokacin kulob saboda shi ke riƙe da gida.

Wannan maganar ta fi shafar ƙannena mata. Yarinyar da za ta tashi da asuba ta bi layin ruwa, kun dai san Damagaram da ruwa, ta dafa koko ta shirya ƙanne ta tafi lise, ta dawo ta ɗora tukunya, ta yi jinyar kaka, sannan ta fito da 13 ko 14 a seri D, in aka ce ta rubuta ayyukanta sai ta ce ita ba ta yi komai ba tunda ba a barinta fita taro. Ƙanwata kin yi, ki rubuta shi yadda yake, awa nawa a rana, tun yaushe, mutum nawa ke wuyanki. Wanda ya sauke Alƙur'ani ko ya shiga musabaƙa, wanda ke taimakon malam a islamiyya, wanda ya koyi gyaran waya ko ɗinki yana biya wa kansa kuɗin kaye, duk abin rubutawa ne.

In da zan koma segond abu ɗaya zan ɗauka, wanda nake so da gaske ba wanda zai yi kyau a takarda ba, in riƙe shi har firamiye, in tabbata akwai wani abu da ya tsaya saboda ni, ko ɗan laburaren aji ne ko karatun yaran unguwa ko itatuwan da aka dasa aka kuma shayar da su suka rayu, ba waɗanda ake dasawa ran 3 ga Agusta a ɗau hoto akuya ta cinye washegari ba. In an gama a je wurin malamin ko shugaban wurin ya rubuta atestasiyon ya sa hannu ya buga hatimi tun yana nan, a karɓi lambarsa, a ɗauki hoton takardar a ajiye a imel don waya tana ɓata. Terminal kuwa a rage komai, a miƙa wa 'yan baya, ba wanda zai mutu don ba ka zo reyiniyo ba. Ma'aunin mai sauƙi ne, in bultan ya fito ka ga muwayen ta sauka a darasi mai babban kowef to kulob ne zai tafi hutu.

Sannan ku yi hattara da masu formasiyon ɗin kwana biyu da za a ce ka biya jika biyu ko uku a ba ka takardar shugabanci mai kalar zinariya. Masu karanta dosiye sun ga dubunta, tambaya ɗaya za su yi maka a kai ta rushe.

Wani abin da da yawa ba su sani ba sai lokaci ya ƙure, yawancin waɗannan burs na waje ana cike su ne kana tsakiyar Terminal, Bak ba ta ma zo ba balle sakamakonta. To me za ka tura? Bultan ɗin segond da na firamiye da samestir na farko in ya fito. Shekarun nan biyu da muke ɗauka na hutu ne tunda ba jarrabawar ƙasa a cikinsu, su ne za a shimfiɗa a tebur. Don haka ɗan segond da ke karanta wannan, dabuwar ɗin mat na sati mai zuwa yana cikin dosiyenka, kuma bultan ɗin in an ba ka kar ka ninke shi a aljihu ya jiƙe da zufa, ka kai wa inna ta sa maka a ƙasan akwati.