Abin da raba sabar MCP ta npm ya koya mini

Tun da kamfanin Anthropic ya fito da tsarin MCP (Model Context Protocol, ƙa'idar haɗa mataimakan AI da wasu manhajoji) a Nuwamban 2024, hanya mafi sauƙi ta raba sabar da ke haɗa mataimakin AI da kayan aiki ita ce a zuba ta a npm ko PyPI, rumbunan intanet da ake ajiye ƙunshin manhajojin JavaScript da na Python. Mai amfani zai rubuta `npx -y` da sunan ƙunshin, ko `uvx` idan da Python aka gina ta, shi ke nan ta tashi. Shirya irin waɗannan ƙunshi na cikin aikina, kuma sauƙin nan ne ya fi sa ni taka-tsantsan.

Ƙananan abubuwan ba su da wuyar koyo. Sabar na magana da mataimakin ne ta stdin da stdout, wato hanyoyin da manhaja ke karɓar rubutu da fitar da shi, da saƙonni masu tsari na musamman da ake kira JSON-RPC, don haka `console.log` guda na cewa ta tashi, wanda shi ma ta stdout yake fita, ya isa ya dagula zancen. Duk wani bayani sai ta stderr, hanya ta daban da aka ware wa saƙonnin kuskure. Kafin turawa kuma nakan buga `npm pack --dry-run`, mai nuna abin da zai shiga ƙunshin, in bi jerin fayilolin ɗaya bayan ɗaya, kada fayil ɗin `.env` mai ɗauke da makullan sirri ya bi ayari. Abin da ya fita ya fita. Ko ka janye siga, npm ba zai bari ka sake amfani da lambarta ba, wanda ya riga ya sauke kuwa ya sauke.

Babban darasin shi ne amana. Wannan ƙunshi yana aiki ne a kwamfutar mutum, riƙe da makullin imel ɗinsa ko na rumbun bayanansa, kuma ba kowa ke duba abin da yake yi a bayan fage ba. Idan ba a ɗaure lambar siga ba, sabuwar da aka tura tana iya sauka ba tambaya. A Satumban 2025 aka gano ƙunshin postmark-mcp a npm, wanda wani ya tura da sunan da ya yi kama da na Postmark, kamfanin aika imel, alhali ba nasu ba ne. Sigogin farko lafiya lau suke. A siga ta 1.0.16 aka ƙara layi ɗaya tak, mai aika kwafin kowace wasiƙa a ɓoye zuwa adireshin mai ƙunshin. Mutane sun riga sun saki jiki, nan ne ciwon yake.

Shi ya sa a takardar bayanin da nake rubutawa ba na sa `@latest`, mai ɗauko siga mafi sabunta, cikakkiyar lambar siga nake sawa, ko da masu amfani za su yi ƙorafin sabuntawa da hannu. Ina kuma rage ƙunshin da nawa ya dogara da su, domin kowanne ƙofa ce da wani ke riƙe da makullinta. Ragewar na da wata riba: a wurin da intanet ke jan ƙafa, ƙunshi mai nauyi kan sa mataimakin ya gaji da jira ya ce sabar ba ta amsa ba, alhali saukewa ce ba ta ƙare ba.