Kwaleji kuma? Abin da wani ɗan ƙwallo mai son kasuwa ya koya mini

Na shafe shekaru ina aikin ba ɗaliban ajin ƙarshe shawara a wata sakandare mai zaman kanta a Kano, kuma cikin aikin har da taimaka wa 'yan kaɗan da ke neman gurbin karatu a ƙasashen waje. Na daɗe ina ɗaukar kaina gwani a wannan fage, domin na haddace sunayen makarantun Amurka da matsayinsu a jerin da mujallu ke fitarwa duk shekara, har ranar da wani yaro ya zo mini da buƙatar da jerin nan bai da amsarta. Shi ne kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta makarantarmu, mahaifinsa yana da shagon atamfa da shadda a Kantin Kwari, shi kuma tun yana aji huɗu yake saro jesi da takalman ƙwallo yana sayar wa abokansa ta WhatsApp, yana rubuta sunayen masu bashi a shafin ƙarshe na littafin lissafinsa. Bukatarsa biyu ce: ya karanci kasuwanci, kuma kada ya ajiye ƙwallo.

Wani kawunsa da ke zaune a Amurka ne ya turo masa sunayen wasu ƙananan makarantu, irin waɗanda a can ake kira libaral ats, ni kuwa na fi son kiransu kwalejojin ilimi mai faɗi. Makarantu ne masu ba da digirin farko, yawancinsu ɗalibansu ba su wuce dubu biyu zuwa uku ba, kusan kowa a cikin makarantar yake kwana, kuma ɗalibi ba ya shiga da fanni ɗaya a hannu kamar yadda muke yi wajen cike fom ɗin JAMB. Yakan ɗanɗana lissafi da tarihi da falsafa da kimiyya da harsuna, sai a wajen ƙarshen shekara ta biyu ya bayyana fannin da zai ƙware a kai. Williams, wadda aka kafa a 1793 a jihar Massachusetts, da daɗaɗɗiyar abokiyar hamayyarta Amherst, wadda aka kafa a 1821 a wannan jiha, su ne a saman takardar da kawun ya turo.

Ranar da Alhaji, mahaifin yaron, ya zo ofishina bai ko gama zama ba ya ce, "Malam, kwaleji kuma? Yaron da yake gama sakandare za a sake mayarwa kwaleji?" Ban ga laifinsa ba, domin a wajenmu kwaleji ita ce Barewa ko Rumfa, ko kuwa wadda ake zuwa neman NCE. Na yi masa bayani cewa digirinsu daidai yake da na kowace jami'a, ya gyaɗa kai, sannan ya tambaye ni a wacce daga cikinsu ake koyar da kasuwanci. Na buɗe kwamfuta a gabansa na duba, sai na ga Williams ba ta da sashen kasuwanci, Amherst ma haka. Nan take na ce masa, "Alhaji, waɗannan ba su dace da shi ba, a nemi babbar jami'a." Hukuncin bai ɗauke ni minti biyar ba, kuma ban tambayi yaron komai ba, alhali yana tsaye a bakin ƙofa riƙe da jakar takalmansa.

Yaron ne ya ƙi barin maganar ta mutu, ya yi ta dawowa har kunya ta sa na zauna na karanta kundin darussan makarantun da kyau. Abin da na gano shi ne, duk da babu digiri mai suna kasuwanci, ilimin tattalin arziki yana cikin fannonin da suka fi tara ɗalibai a waɗannan kwalejoji, kuma da yawa daga cikin masu kammalawa bankunan zuba jari da kamfanonin ba da shawara na New York da Boston suke shiga, galibi ta hannun tsofaffin ɗalibai da ke jawo ƙannensu. A Williams akwai wani tsarin darasi da suka aro daga Oxford ta Ingila, inda ɗalibai biyu kacal ke zama da farfesa: wannan mako ɗaya ya rubuta maƙala ɗayan ya yi mata fida, mako mai zuwa su yi musaya. Duk wanda ya taɓa zama a rumfar kasuwa ya ga yadda ake kare farashi da hujja ba tare da an ɓata da mai saye ba, zai gane amfanin wannan horo. Sai dai kuma ba zai koya wa mutum yadda ake rufe littafin ciniki a ƙarshen shekara ba. Mai son wannan sai ya dubi irin su Washington and Lee da Richmond a jihar Virginia, ko Bucknell a Pennsylvania, waɗanda ƙanana ne amma suna da makarantun kasuwanci a cikinsu, ko Claremont McKenna ta Kalifoniya da ta yi suna a tattalin arziki da harkar kuɗi. Akwai kuma Babson, a kusa da Boston, wadda ita gaba ɗayanta ta kasuwanci ce, har ɗaliban shekarar farko kan haɗu rukuni-rukuni su kafa ƙaramar sana'a da jarin da makarantar ta ba su.

A nan ne na fahimci kalmar kasuwanci ba abu ɗaya take nufi a bakin uban da bakin ɗan ba. Alhaji yana son wanda zai riƙe masa lissafi, ya fuskanci banki da kwastam, ya karanta takardun kwantena daga Sin ba tare da an nemo wani ya fassara ba. Shi kuwa yaron, da na zaunar da shi na ce, "Ɗana, bar maganar Abba tukuna, kai me kake gani kana yi nan da shekara goma?", sai ya ce yana son buɗe shagunan kayan wasanni da makarantar koyar da yara ƙwallo. Duk burin biyu suna buƙatar ilimin akanta na zahiri, wato abin da mafi shaharar kwalejojin nan suka fi ƙaranci a kai. Ashe hukuncina na farko ya kusa dacewa, amma bisa kuskuren dalili, domin da na kore nau'in makarantun gaba ɗaya, har da waɗanda suka fi kowace babbar jami'a dacewa da shi.

Batun ƙwallo ya fi ba mu wahala, saboda yaron ya riga ya sa a ransa cewa ƙafarsa ce za ta biya masa kuɗin makaranta. Hukumar NCAA da ke kula da wasannin manyan makarantun Amurka ta kasa su rukuni uku, kuma a rukuni na uku, inda yawancin ƙananan kwalejojin nan suke, doka ta hana a ba ɗalibi tallafin karatu don wasa. Williams da Amherst da Bowdoin da Middlebury duk suna cikin gasar NESCAC mai makarantu 11, wadda aka kafa a 1971 bisa sharaɗin karatu ne gaba da wasa. Abin da koci zai iya yi shi ne ya kalli bidiyon wasanka, ya miƙa sakamakonka ga ofishin ɗaukar ɗalibai su duba tun da wuri, in sun gamsu ya mara maka baya, kai kuma yawanci ka nema a zagayen farko na watan Nuwamba, wanda in an ɗauke ka dole ka je. Kuɗi kuwa gwargwadon ƙarfin iyaye ake rage shi, daga jimillar da a manyansu ta haura dala dubu 80 a shekara, kuma kaɗan ne irin Amherst, da Bowdoin tun daga 2022, da ba sa duba aljihun ɗalibin ƙasar waje kafin su yanke shawarar ɗaukarsa. Da muka zo cike fom ɗin CSS Profile, inda ake son a bayyana kuɗin shiga da kadarori, Alhaji ya tura hularsa baya ya ce, "Malam, a ina ka taɓa jin ɗan kasuwa ya ƙirga wa baƙo dukiyarsa?" Sai da muka yi zama uku, har da mai riƙe masa littafi, kafin aka tattara takardun banki da na haraji.

Na kuma koyi cewa bai kamata malamin shawara ya auna ƙwallon yaro da idon ƙauna ba. Na nemo wasan rukuni na uku a intanet muka kalla tare da shi da malamin wasanninmu, kuma bayan kamar minti ashirin yaron ya ce a hankali, "Malam, ashe waɗannan suna gudu." Malamin wasannin ya faɗa masa gaskiya, cewa a wannan mataki zai iya samun riga in ya dage, amma a ƙungiyoyin rukuni na ɗaya, waɗanda ke ɗebo 'yan wasa har daga makarantun ƙwallo na Turai, da wuya ya ga ko benci. Yaron ya kawo mini labarin Stephen Curry, wanda ya kai ƙaramar kwalejin Davidson zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe a gasar ƙwallon kwando ta 2008, ni kuma na ƙara masa da Duncan Robinson, wanda ya fara a Williams ya koma jami'ar Michigan kafin ya shiga NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta ƙwararru. Labaran gaskiya ne, sai dai Davidson a rukuni na ɗaya take, kuma ana yawan ba da labarin Robinson ne saboda irinsa ba su da yawa. Abin da ƙaramar kwaleji ke da tabbacin bayarwa ya fi wannan sauƙi: a Williams kusan ɗalibi ɗaya cikin uku yana buga wa makaranta wani wasa, don haka ɗan wasa ba bare ba ne, kuma kakar ƙwallon ƙafa gajeriya ce, daga wajen Satumba zuwa Nuwamba, sauran shekara ta littafi ce.

Akwai abin da ni kaina ban yi tunaninsa ba sai daf da ƙarshe. Bizar ɗalibi ta F-1 ta yarda ne kawai da aiki a cikin makaranta, awa 20 a mako lokacin zangon karatu, kuma saye da sayarwa don riba a cikin Amurka ba tare da izini ba karya sharaɗin biza ne. Yaron da tun aji huɗu bai taɓa kwana ba shi da haja ba, dole ya yi shekara huɗu hannunsa a naɗe, sai horon aiki na lokacin hutu da makaranta ta sahale. Da na faɗa masa ya yi shiru ya fi minti ɗaya, na ga wannan ya fi rashin tallafin ƙwallo yi masa ciwo.

Sai kuma wurin da kansa. Williamstown ƙaramin gari ne a cikin tsaunuka, tafiyar kusan awa uku a mota daga Boston, kuma a watan Disamba rana kan faɗi tun kafin ƙarfe biyar. Ga wanda ya tashi cikin hayaniyar Kwari, inda ko gaisuwa sai an ɗaga murya, wannan ba ƙaramin sauyi ba ne, ga tambayar inda zai yi sallar Juma'a, da naman halal, da yadda zai haɗa atisaye da azumi. Na ba shi labarin Kofi Annan, ɗan Kumasi, wanda ya gama digirin tattalin arziki a ƙaramar kwalejin Macalester ta Minnesota a 1961, ya yi wa makarantar tsere da ƙwallo, kuma shi da bakinsa yakan ba da labarin yadda ya raina abin rufe kunne da 'yan garin ke sawa, har sai da sanyi ya kusa cinye masa kunnuwa. Amma na lura masa cewa Macalester a cikin birnin Saint Paul take, kuma tsakanin kwalejin birni da ta ƙauye akwai tazarar da jerin mujallu ba ya nunawa. Daga nan na sa shi ya rubuta wa ɗaliban ƙasashen waje da ke ƙungiyoyin makarantun, ya tambaye su yadda ranar Talata ta tsakiyar hunturu take, daga tashi har kwanciya, kuma amsoshinsu sun soke makarantu biyu da ni na fi so.

A ƙarshe ya tafi wata ƙaramar kwaleji ta rukuni na uku mai sashen akanta da kasuwanci, kusa da wani babban birni mai masallatai, wadda sunanta ba ya cikin goman farko na kowane jeri, abin da ya ɗan sosa ran kawun. Cinikin jesi ya bar wa ƙaninsa. Shekarar farko rabin wasannin a benci ya yi su, a ta biyu ya samu gurbi a tsakiya. A shekarar da ta biyo bayan tafiyarsa wani ɗalibin ya zo mini da irin wannan buƙata, amma da na yi masa tambayoyin da na koya sai ta bayyana shi ƙwallon sana'a yake nema, karatu rakiya ne, na ce masa ƙaramar kwaleji za ta ƙuntata masa.

Da yaron ya zo hutun ƙarshen shekara ta biyu na bi ta Kwari gaishe da Alhaji, na tarar da shi zaune a kan dilar shadda da kwamfuta a cinya, yana kwafe tsohon littafin bashin shagon. Yana ta nuna wa mahaifinsa cewa akwai basussukan da suka shekara biyar da ya kamata a cire su daga lissafin dukiya, Alhaji kuma yana cewa ai mutanen suna raye, kuma ya san iyayensu. Na sha lemona na bar su ba su daidaita ba.