Farin da ya hau kan kunyar audugata

Ni ba baƙon auduga ba ne. Tun ina yaro nake bin Baba tsinkarta a gonarmu ta wajen Soba, zamanin da masaƙun Kakuri a Kaduna ke aiki ba dare ba rana. Amma noman damina kaɗai muka sani, a shuka ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, a tsince da sanyi. Bara ne na ce bari in riga damina, na shuka tun watan Afrilu da ruwan rijiyar burtsatsen da na haƙa a bakin fadama.

Da ma na san ruwan nan yana da zartsi, in ka kurɓa za ka ji shi a harshe. Na dai raina abin.

Bayan mako biyu tsiro ya fito ɗaiɗai, wata kunyar ma wayam. Waɗanda suka fito kuma ganyensu ya yi duhu, ya ƙanƙance, gefensa kamar an babbaka. Da rana su yi yaushi alhali ƙasar da danshi. Abin da ya fara zo mini shi ne an cuce ni a iri, har na koma na yi wa mai shagon faɗa, bawan Allah ba laifinsa. Sai na ƙara taki, na kuma riƙa ba da ruwa kaɗan-kaɗan kullum. Ashe wuta nake ƙara wa fetur, domin takin zamani shi ma gishiri ne idan ya zauna kusa da saiwa.

Ƙanin Baba ne ya zo ya tsuguna, ya kankari farin da ke saman kunya da farce, ya ɗanɗana. Ya ce, "Kai yaro, ai kanwa kake shayar da su." Na ce, "Baba, to ai ƙasar jiƙe take." Ya ce jiƙar da saiwa ba ta iya sha, ina amfaninta.

Na ɗebi ruwan da ƙasar na kai cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya aka auna, wani malamin gona ya zaunar da ni. Abin da ya ba ni mamaki, auduga tana cikin amfanin gona masu jure gishiri sosai. A ma'aunin da suke aiki da shi, sai gishirin ƙasa ya wuce 7.7 amfaninta ke fara raguwa, masara kuwa tun daga 1.7. Amma wannan juriyar ta babbar auduga ce. Ƙwaya mai tsirowa da jaririn tsiro ba su da ita.

Sai ya zana mini kunya a takarda. Ruwa na bin kwari, ya tsotsu zuwa sama ta gefe biyu, zafin Afrilu ya busar da shi, gishirin ya taru a ƙololuwa, daidai inda na binne irina. Ban ruwan da nake yi kaɗan-kaɗan ba ya isa ya tura gishirin ƙasa da saiwa. Ga kanwa kuma tana sa ƙasa ta toshe, samanta ya yi ɓawo mai tauri da tsiro ba ya iya fasawa.

Na sake shuka rabin gonar, wannan karon a kafaɗar kunya, ɗan sama da inda ruwa ke tsayawa. Kafin shukar na cika kwari da ruwa sau biyu, na yanka lambatu ya fita. Na zuba takin shanu, na rufe da tattaka, na jinkirta takin zamani. Jifsam, wani farin ma'adini da malamin ya ce yana kwance ƙasar kanwa, ban same shi a kusa ba, na haƙura.

Wannan rabin ya tsira da kyau. Da ruwan sama ya kankama a Yuni, farin ya ɓace, har 'yan tsirarun farko suka murmure, sai dai sun tsaya gajeru, ƙwallayensu ƙanana. Da na lissafa kuɗin man injin ban ruwa da iri sau biyu, maƙwabcina da ya jira damina ya fi ni riba. Bana rijiyar na rufe ta, ina neman wanda zai sayar mini da bututun da zai kai rafi.