Wasannin da suka sa na sake ɗaukar kwantirola

Shekara shida na yi ban taɓa wasan bidiyo ba, kuma babu wanda ya hana ni. Na daina ne a daren da na farka daga gyangyaɗi da kwantirola, wato abin da ake riƙewa a sarrafa wasan, a cinyata, ina tsakiyar kashe dodanni ashirin domin a ba ni wata hula da ban ma so ba. Wasan da nake yi a lokacin yana da kyautar da ake karɓa kullum, da jerin ayyukan mako, da akwatunan da ake saye ba tare da an san abin da ke ciki ba, irin waɗanda hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ɗauka a matsayin caca a 2018. Na gane cewa tsoron kada ladan ranar ya wuce ni ne yake kawo ni gaban allo, daɗin kuwa ya daɗe da ƙarewa. Washegari na naɗe wayoyin na ajiye.

A cikin waɗannan shekaru an yi ta nuna mini wasanni masu kyan hoto, har mutum yana iya ƙirga gashin gemun jarumi, amma ko gezau ban yi ba. Abin da ya karya lagona wani ƙaramin wasa ne mai suna Outer Wilds, wanda kamfanin Mobius Digital ya fitar a 2019. Wani abokina ya faɗa mini abu ɗaya tak game da shi, wato kowane zagaye minti 22 ne, daga nan rana ta fashe, komai ya koma farko. Na ce a raina, minti 22 ai ina da su.

Mai wasan ɗan sama jannati ne da ke farkawa a gefen wata wuta, ya hau ƙaramin jirginsa ya nufi duniyar da ya ga dama. Babu makamin da ake ƙara wa ƙarfi, babu matakin da ake hawa, kuma abin da kawai mutum yake ɗauka daga wannan zagaye zuwa na gaba shi ne abin da ya fahimta. Akwai wasu duniyoyi tagwaye da yashi ke kwarara daga ɗaya zuwa ɗaya, ta yadda kogunan wannan suke cika yayin da gine-ginen waccan suke bayyana. Sau uku yashi yana danne ni a cikin kogo ɗaya kafin in gane cewa matsalar ba ta hanya ba ce, makara nake yi. A karo na huɗu na tafi kai tsaye tun daga farkawa, na isa ɗakin da nake nema, na karanta rubutun da ke bango, sannan na zauna ina kallon ranar tana fashewa ba tare da wata fargaba ba. Abin da ya fi burge ni shi ne kwamfutar jirgin, wadda take rubuta duk abin da mutum ya gano, har ta nuna inda ya rage saura. Na yi mako biyu ban buɗe wasan ba saboda aiki, da na dawo kuwa babu abin da ya wuce ni, babu kuma wanda ya hukunta ni.

Daga nan sai Hades na kamfanin Supergiant Games, wanda ya fito a kammale a 2020. Wasa ne na faɗa mai sauri da aka gina kan tatsuniyoyin Girkawa, yatsuna kuma sun yi tsatsa, don haka na sha kashi sosai. Sai dai yana da wani zaɓi da ke rage raunin da ake yi wa jarumin da kashi 20 cikin ɗari, ya riƙa ƙara kashi 2 duk lokacin da aka kashe shi, har zuwa 80. A da zan ga kunna irin wannan abin kunya ne. Yanzu na kunna shi ba tare da na waiwaya ba.

Dole in yaba wa na'urorin su ma. Switch da Nintendo ya fitar a 2017 da Steam Deck na Valve da ya zo a 2022 duk suna barin mutum ya danna maɓalli ɗaya wasan ya yi barci, gobe ya tashe shi a daidai inda ya tsaya. Ga wanda ake iya kira a kowane lokaci, wannan ya fi kowane irin kyan hoto amfani.

Akwai ɗaya da nake ta kewayawa ban shiga ba, wato Elden Ring na FromSoftware, na 2022. Duk wanda ya yi shi yana yaba faɗin duniyarsa, ni ma na kalli bidiyonsa fiye da yadda zan so in faɗa. Amma an gina shi ba tare da maɓallin dakatarwa irin na sauran wasanni ba, kuma yana cin sa'o'i masu yawa kafin a ga ƙarshensa. Sau biyu ina saka shi a kwandon saye ina cirewa, kuma har yau yana nan a jerin abubuwan da nake buri.